GONA ƊAYA, MASU ITA BIYU: YADDA AKE HAYAR RANI A KURA DA BUNKURE

Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Zariya takan ga wasu irin matafiya waɗanda ba fatauci ya fito da su ba. Akwai ma'aikatan gwamnati a cikinsu, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da waɗanda suka yi ritaya suka karɓi kuɗin sallama, har da ɗalibai da suka haɗa 'yan kuɗaɗensu wuri ɗaya. Wasu su sauka a Kura, wasu su zarce Kadawa ko Ciromawa, wasu kuwa su ratse zuwa Bunkure. Dukkansu abu ɗaya suke nema, watau gonar da ruwan Tiga ke kaiwa, wadda mai ita zai ba su haya ta rani ɗaya.

A bisa al'ada cinikin ba shi da wuya. Mai gona ya riƙe daminarsa, mai haya ya karɓi rani, a biya kuɗi a gaban shaidu, in an yi girbi gona ta koma hannun mai ita. Amma in aka duba da kyau, abin da mai haya ya biya wa kuɗi shi ne 'yan watanni ƙididdigaggu da kuma ruwan da ake sa ran zai zo a cikinsu. Watannin suna iya raguwa, ruwan kuwa ba a hannun mai gona yake ba. Yawancin rigingimun da ake kaiwa gaban masu unguwanni da dagatai kan hayar rani daga waɗannan abubuwa biyu suke tasowa.

YADDA SHEKARA TA RABU BIYU

Kafin zuwan madatsun ruwa, gonar tudu a wannan yanki sau ɗaya take aiki a shekara. In an gama girbin dawa, manomi ya shiga wata sana'a. Mutanen Kura sun shahara da rini da bugu, har rawaninsu ya yi suna a ƙasashen Buzaye, wasu kuma su tafi cin rani birni. Noman rani na masu fadama ne kawai.

Gwamnatin Jihar Kano a ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta sauya wannan tsari. An fara da madatsar Bagauda, wadda da ruwanta aka yi gwajin farko a Kadawa a farkon shekarun 1970. Daga nan aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan dubu biyu. Wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO shi ya zana aikin, aka ƙaddara kashin farko zai shayar da hekta 22,000, ko da yake shekaru da yawa abin da aka kammala bai wuce kimanin hekta 15,000 ba. Ruwan da kansa yake gangarowa ba tare da inji ba, ya bi babbar magudana ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu reshe biyu, na gabas wajen Bunkure, na yamma wajen Garun Malam da Kura. Bayan an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Abin lura a nan shi ne gwamnati ba ta mayar da yankin gandunta ba. An karɓi gonaki, aka baje su, aka haƙa magudanu, sannan aka mayar wa masu su, bayan an cire kimanin kashi 10 cikin 100 saboda hanyoyi da magudanu. Ta haka ne manomin da ya saba da damina ɗaya ya wayi gari da gonar da ke iya aiki sau biyu a shekara, alhali aljihunsa bai ƙaru ba. Noman rani kuwa da kuɗi a hannu ake yinsa, tun daga tarakta da iri da takin zamani har zuwa kuɗin ruwa da na 'yan ƙwadago. Wanda ba shi da halin waɗannan sai ya ba da ranin haya, ya riƙe damina don abincin iyali. Binciken da Tina Wallace ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a yankin a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna ƙananan manoma da yawa haka suke yi, masu ƙarfi daga cikin gari da wajensa suna karɓa.

Tun daga lokacin, kasuwar haya tana bin manufofin gwamnati sau da ƙafa. Da aka hana shigo da alkama a 1987, mutanen birni sun yi rububin gonakin yankin, da aka janye hanin a ƙarshen 1992 kuma da yawa suka watse. An sake ganin irin wannan rububi a kan shinkafa bayan 2015, musamman lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kuɗin haya yakan tashi ne bisa ribar da aka ga an samu bara, amma mai haya da farashin bana zai sayar.

IRINSA A ƘASASHEN WAJE

Raba dukiya ɗaya bisa lokaci ba baƙon abu ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin sa, suna kiransa muhaya'a, watau masu tarayya a gida ko gona su riƙa amfani da shi bi da bi ba tare da an yanka shi ba. A Turai kuwa an mayar da shi babbar sana'a a wuraren shaƙatawa. A 1963 aka kafa kamfanin Hapimag a ƙasar Suwizalan, a cikin shekarun nan kuma aka fara irinsa a wani wurin hutu da ke duwatsun Faransa, daga baya abin ya bazu zuwa Amurka. Akan ɗauki ɗaki ɗaya a masaukin baƙi na bakin teku, a raba shekararsa mako-mako, kowane mai saye ya mallaki makonsa, akasari a bar mako ɗaya ko biyu don gyare-gyare. Ana iya kiran wannan mallakar karɓa-karɓa. Ko a Makka, a 2003 an sayar da takardun haƙƙin zama na wasu kwanaki a shekara a benen Zamzam da ke gaban Harami, na tsawon shekara 24.

Wanda ya mallaki mako yana biyan kuɗin kula da ginin kowace shekara, ko ya je ko bai je ba. Saboda haka in ba zai samu zuwa ba sai ya ba wani haya, ko don ya mayar da wannan kuɗi. Mai hayar yakan samu rahusa fiye da kama ɗaki a otal, amma yana fuskantar haɗura sanannu. Mai yiwuwa wanda ya karɓi kuɗinsa ba shi ne mai makon ba. Mai yiwuwa ana bin mai makon bashin kuɗin kula, masu masauki su hana mabuɗi. Mai yiwuwa kuma ba a rubuta sunan baƙon a littafin masauki ba, ya iso da iyalinsa a ce ba a san da shi ba. Makonnin ma ba darajarsu ɗaya ba, domin na lokacin hutun makaranta ya ninka na lokacin da babu kowa. Ƙorafi ya yi yawa a kan masu sayar da irin wannan mallaka har Tarayyar Turai ta yi doka a 1994, ta ƙarfafa ta a 2008, inda aka ba mai saye kwana 14 ya sake shawara, aka kuma hana karɓar ko kwabo daga gare shi a cikin waɗannan kwanaki.

A Jihar Kano ma an gina wuraren shaƙatawa a bakin ruwan nan da ke shayar da Kura da Bunkure, watau otal ɗin Bagauda da na Rock Castle a Tiga. Sayar da ɗaki mako-mako bai zama al'ada a cikinsu ba, na Bagauda ma daga baya an mayar da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. A gonakin da ke ƙasan madatsun ne hayar lokaci ta kafu, kuma kowane haɗari da mai hayar ɗaki ke fuskanta a Turai yana da ɗan'uwa a nan.

WANE NE MAI GONAR?

Mutumin birni ba kasafai yake sanin mai gona ba, ta hannun dillali yake bi, dillali kuwa la'adarsa yake nema. Wanda aka gabatar a matsayin mai gona yana iya zama mai ita na gaskiya. Yana iya zama wanda aka jinginar wa, ko wanda shi ma haya ya karɓa yana so ya ɗora riba, ko kuma ɗaya daga cikin magada a gonar da ba a raba ba. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari, domin sai an yi huɗa an zuba taki sannan wani ɗan'uwa ya fito ya ce bana rabonsa ne. Akan kuma sami wanda zai karɓi kafin alƙalami a hannun mutum biyu a kan gona ɗaya.

Maganin wannan a kusa yake. Mai unguwa ya san gonar kowa, maƙwabtan gona sun san wanda ya noma ta bara, shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa kuma suna da sunayen waɗanda ke kan kowace magudana. Wanda ya biya kuɗi bai taka gonar da ƙafarsa ba, bai kuma gaisa da ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya yi cinikin biri a sama.

RANAR MIƘA GONA

Kalmar rani tana da faɗi, amfanin gona kuwa da kwanaki yake aiki. Alkama tana bukatar sanyin hunturu, shi ya sa masana a tashar binciken noman rani ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suke ba da shawarar a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. In aka makara, zafin Maris zai riske ta tana zuba ido, ƙwayar ta shanye. To amma a tsakiyar Nuwamba sau da yawa amfanin damina na mai gona yana nan tsaye. Wannan karo tsoho ne, domin tun a shekarun farko hukuma ta yi ta fama da manoma a kan dawa, wadda ba ta nuna da wuri balle a share wa alkama wuri. A yau shinkafar damina da aka dasa a makare ita ke jawo irin wannan jinkiri. Mako biyu da mai gona ya ƙara yana jiran masu yanka, a wurinsa ƙaramin abu ne, a wurin mai haya kuwa buhuna ne suka tafi.

A ɗaya ƙarshen ma haka abin yake. Mai tumatir yana so ya ci gaba da tsinka har zuwa lokacin da kwando zai yi tsada a kasuwar Kwanar Gafan, mai shinkafar rani kuma ba ya dasawa sai sanyi ya wuce, don haka girbinsa yakan kai bakin damina. A daidai lokacin mai gona ya ga hadari ya fara haɗuwa, yana so ya shiga gonarsa. In ba a faɗi ranar fita ba tun farko, kowa yana da hujja. Don haka ya kamata a ambaci abin da za a shuka, da ranar karɓa, da ranar mayarwa, da kuma abin da za a rage a kuɗi in mai gona ya makara. Har abin da ya rage a gona bayan girbi, wanda makiyaya ke saye wa dabbobinsu, gara a faɗi na wane ne.

RUWA BA NA MAI GONA BA NE

Hukuma ce ke sakin ruwa daga Tiga, ita ce kuma ke rufe shi in za a yi gyara. Daga babbar magudana ruwan yana bi ta ƙanana har ya iso bakin gona, inda ake zuƙo shi da bututun roba zuwa cikin fangali. Wanda gonarsa ke kusa da bakin magudana shi ke fara sha. Na ƙarshe kuwa sai abin da ya rage, musamman inda yashi da ciyawar kacala suka cushe hanya. Gonaki biyu masu girma ɗaya a sashe ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana saboda wannan kawai. Mai haya da ya faɗa wa gonar ƙarshen magudana yakan ƙare da sayen injin ban ruwa da man fetur, abin da bai sa a lissafi ba. Akwai kuma gonakin da matsalarsu yawan ruwa ce, inda ya kwanta har gishiri ya fito a ƙasa.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyaran ayyukan noman rani a Arewa, aikin Kogin Kano yana ciki. An gyara magudanu, an kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ɗora wa tara kuɗin ruwa da yashe ƙananan magudanu. Wannan ya ƙara wa mai haya tambayoyi biyu. Wa zai biya kuɗin ruwan bana, kuma akwai bashin baya a kan gonar? In ƙungiya ta kira aikin gayya na yashe magudana, wa zai fito ko ya aiko? Ma'aikacin da ba ya zuwa sai Asabar da Lahadi ya sani cewa ranar da ruwa zai zo layinsa ba ta duba ranar hutunsa. In ba shi da amintaccen mutum a wurin, rabonsa zai wuce gonar maƙwabci.

ABIN DA SHARI'A DA DOKA SUKA TANADA

Malaman Malikiyya sun yi bayani a kan hayar ƙasa tun da daɗewa, kuma bayanin ya dace da halin da ake ciki a Kadawa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, an hana biyan kuɗin haya tun da wuri a kan ƙasar da ba a amince da samun ruwanta ba, sai ta sha. Malaman sun kuma bambanta asarar da ƙishirwa ta jawo da wadda annoba ta jawo daga waje. In shuka ta mutu don ruwa bai zo ba, kuɗin haya yana faɗuwa, domin mai haya bai sami abin da ya biya dominsa ba. In kuwa ruwa ya zo, fari ko tsuntsaye suka cinye, hayar tana nan a kansa. Har ila yau, a mashahurin zance na mazhabar ba a hayar ƙasa da abinci, abin da ya kamata masu cewa a biya su da buhunan shinkafa su tambayi malamai a kai.

Bambancin nan yana da amfani a aikace. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki a yankin, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta tsaya saboda rashin kaya. Irin wannan asara ta mai shuka ce, mai gona ya riga ya karɓi kuɗinsa. Amma in magudana aka rufe ana tsakiyar aiki, akwai maganar da za a yi, kuma ta fi sauƙi in an yi ta tun kafin a biya.

A ɓangaren dokar ƙasa, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon kula da filayen karkara, ta kuma nemi yardarsu kafin a miƙa haƙƙin gona ga wani. A hayar rani ɗaya ba kasafai ake bin wannan ba, shaidu da mai unguwa su ne madogara. Wannan ya sa takarda take da muhimmanci, ko da a warƙar littafin makaranta ce, da boko ko da ajami, matuƙar akwai sunan gona da iyakokinta, da kwanan wata, da kuɗi, da sa hannun shaidu.

SHI MA MAI GONA YANA DA ABIN TSORO

Ba mai haya kaɗai ke iya cutuwa ba. Wanda ya san wata huɗu kawai zai yi ba zai kai takin gargajiya ba, domin amfaninsa sai baɗi, ba zai kuma damu da gyaran kwatar da ke fitar da ruwa ba. Zai zuba takin zamani da magani, ya kwashi abin da zai kwasa, ya tafi. In aka yi haka shekara da shekaru, gona takan gaji a hannun mai ita.

Babban haɗarin kuwa shi ne na bashi. Manomi yakan karɓi kuɗin hayar rani tun cikin Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan farashin da mai kuɗi ya ga dama. Wata lalura ta taso, ya karɓi na baɗi. Daga haya a koma jingina, wadda ba ta da ranar fita sai an mayar da kuɗi, daga jingina kuma sau da yawa a ƙare da sayarwa. Ta wannan hanya mutum yakan koma ɗan ƙwadago a gonar da ya gada. Aikin da aka kashe dukiyar jama'a a kansa don ƙaramin manomi ya noma sau biyu a shekara, amfaninsa yana komawa ga mai jari a duk lokacin da manomin ya rasa rancen da zai noma raninsa da kansa.

Duk da haka hayar rani tana da amfaninta. Tana hana gona kwana banza alhali ruwa yana wucewa ta gefenta, tana ba matasa marasa gado wurin farawa, tana kuma kawo jarin birni ƙauye. Akwai masu gona da masu haya da suka shekara goma suna hulɗa ba a taɓa jin kansu ba, har zumunci ya shiga tsakanin iyalansu. Akasarinsu waɗanda suka yi magana filla-filla ne tun ranar farko, kuma mai hayar ya ɗauki kansa baƙo a gonar mutane, ya san zanen aro ba ya rufe katara.

Ga ma'aikaci ko ɗalibin da ke niyyar gwadawa, lokacin zuwa duba gona shi ne tun amfanin damina yana tsaye, domin a ga ranar da zai tashi. In da hali ma a je tun cikin Maris na ranin da ya gabata, lokacin da ruwa ya fi ƙaranci, a ga ko yana isa wurin. Sannan a raba biya gida biyu, rabi a gaban shaidu, rabi ranar da aka miƙa gona ruwa yana gudu a magudanarta.